Buhu Biyu Masu Jan Zare

Ku matasan yanzu, in kun gan ni na ɗaura jakar kwamfuta a bayan babur, sai ku ce Malam Isyaku ya samu sana'ar hutu: ya zauna a inuwa, ya danna nan ya danna can, na'ura ta yi lissafi, a miƙa masa kuɗi. Akwai ma wanda ya ce da ni in aka ba shi sati biyu zai ƙwace mini duk masu shagunan da nake yi wa aiki. Ban yi masa musu ba, don na gaji da musu. Amma tunda kun zauna, bari in gaya muku yadda aikin akawu yake, in ya so wanda ya ga zai iya, ga fili ga mai doki.

Aikin farko da aka ba ni a wurin Malam Haladu, tsohon akawun da na koyi sana'a a hannunsa a Kazaure, shi ne jan layi. Wata uku ina jan layi da rula a manyan littattafai masu baƙin bango, ban rubuta ko lamba ɗaya ba. Sai daga baya ya ba ni kayan aiki uku: shuɗin biro na abin da ya shigo, jan biro na abin da ya fita, fensir na abin da ba a tabbatar ba. In na yi kuskure ba ya bari in goge, ba ya bari in yage shafi. Sai in ja layi a kai in sa hannu a gefe, kowa ya buɗe ya ga wautata. A bayan kowane littafi kuma akwai shafukan da ya ware, ya rubuta Ajiya a samansu. Ranar da ya fara bari na taɓa su ya ce da ni, "Isyaku, abin da ke cikin sito kashi biyu ne, na mai sito da na mutane. In ka ɓata na mai sito, faɗa za ka sha. In ka ɓata na mutane, ka nemi wata sana'ar."

Wanda bai tashi a harkar hatsi ba sai an yi masa bayani. Da kaka manomi yakan kawo hatsinsa siton ɗan kasuwar da ya yarda da shi, ba don ya sayar ba, don a ajiye masa har bazara. Wani rumbunsa ne ya lalace, wani tsoron ɓarayi yake yi, wani kuwa kansa yake tsoro, don ya san in hatsin yana gida kafin rani ya raba ya sayar. Ba a biyan kuɗin ajiya, mutunci ne da cinikin shekara da shekaru. Kowa kuma da yadda yake ɗinke bakin buhunsa da basilla: wani baƙin zare, wani ƙulli biyu a kunnen buhu, wani ya saƙala tsumma. Hatsin yana cikin sitonka, amma ko tsaba ɗaya ba taka ba ce.

Shagon da na fara kai wa kwamfuta na wani mai kayan gini ne a Kazaure. Na je Kano na sayi manhajar lissafi a faifai, na biya sau ɗaya, aka ba ni lamba a takarda, aka ce shi ke nan ta zama tawa. Na sha wuya kafin mu saba. Ba ta san tiya ba, ba ta san sefa kuɗin Nijar ba, ba ta san mutum zai karɓi siminti yau ya biya da buhun wake bayan wata huɗu ba. Duk na zauna na koya mata, kamar yadda ake horar da sabon bijimin huɗa. A hankali shagunan suka kai goma sha ɗaya: mai maganin feshi a Roni, mai kayan masarufi a Gwiwa, da sauransu, sai babbansu duka, Alhaji Sale mai hatsi a Babura. Kowane shago da ranarsa, ni da babur da jaka da ƙaramar firinta.

A wurin Alhaji Sale na gamu da maganar ajiya, don manhajar ba ta da gurbin kayan da ke hannunka amma ba naka ba. Sai na yi mata dabara. Kowane mai ajiya na buɗe masa layinsa kamar wani kaya daban, na rubuta irin hatsin da sunansa da alamar ɗinkinsa, a wurin farashi kuma na sa sifiri. Tunda ba su da farashi, ba sa shiga dukiyar Alhaji, ba sa shiga riba, ba sa shiga lissafin zakkarsa. Shekara tara muna haka, ban taɓa ɓatar da ko mudu ba. Har na daina riƙe littafi, ina jin kaina na waye.

Sai saƙo ya fara fitowa duk na kunna na'ura, wai an fito da sabuwa, in sabunta. Ina rufewa in ci gaba da aikina. Wanda bai ji yunwa ba me zai kai shi bakin murhu? Bayan 'yan watanni wakilin kamfanin ya kira ni daga Kano, mutum mai ladabi da zaƙin baki.

"Baba, tsohuwar nan za a daina kula da ita. Sabuwar tana kan intanet, mai shago zai ga kayansa a wayarsa ko yana ina."

"Nawa ce?"

"Ba saye ake yi ba yanzu, Baba. Kowace shekara ake biya, kowane shago da nasa."

"Wadda na saya fa? Ga takardata a hannu."

"Ai izinin amfani kuka saya, ba ita kanta ba."

Na ce da shi ban taɓa jin an sayar wa mutum jaki ba, bayan shekara tara a dawo a ce izinin hawa ya saya. Ya yi dariya, ya ce shi ma ɗan aike ne. Na ce a Gwiwa akwai shagon da sai ka fita bakin titi kake samun sabis. Ya ce za a gyara. Ban san ko titin zai gyara ko sabis ɗin ba.

Shekarar da abin ya faru, daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi tsada tun kaka. Cikin masu ajiya a wurin Alhaji akwai Malam Buba, wani dattijo Bafulatani da rugarsa ke wajen Achilafiya. Da rani yakan bi shanu kudu da iyalinsa, kuma an taɓa fasa masa rumbu ba ya nan, shi ya sa yake kawo hatsinsa Babura. A wannan kakar ina zaune ya shigo da amalanke, buhu bakwai. Biyar ɗinkin baƙin zare, biyu ɗinkin ja. Ya dafa jajayen ya dubi Alhaji, ya dube ni.

"Alhaji, biyar ɗin nan na ci ne. In buƙata ta taso maka ka taɓa, ka mayar. Waɗannan biyun iri ne, ba a taɓawa. Malam akawu, ka rubuta yadda na faɗa."

Na ce, "Na rubuta, Malam."

Ba kowane irin gero ba ne. Gajeren kara ne da shi, yana nuna da wuri, mahaifinsa ne ya zo da shi daga arewa tun kafin a haife ni, kuma su kaɗai suka riƙe shi bai gauraya ba. A wannan shekarar da gonakin maƙwabtansa suka bushe a tsaye, nasa ya riga ya nuna. Mutanen da a da suke yi masa dariyar gajeren gero suka bi shi har gida, kowa na roƙon ya ajiye masa tiya ɗaya ta shuka. Shi ya sa ya ware buhu biyu cif, ya tsince zangarniyar da hannunsa kafin a sussuke.

Da bazara, ranar kasuwar Babura, na kunna na'ura da safe sai ta ƙi. Tana nuna mini tsohon lissafi, amma ba ta karɓar sabo, ba ta buga rasit. Ashe wa'adin da suka sa ya cika. Ga masu saye daga Nijar sun yi layi da sefa a hannu, ba za su ɗauki kaya su bi hanya ba takarda ba. Alhaji Sale mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya ce, "Malam Isyaku, ko nawa ne a biya su, mutane na jira." Aka tura kuɗi. Wakilin ya ce in danna inda aka rubuta na yarda, komai zai kwashe kansa ya koma sabuwar. Akwai dogon rubutu da Turanci a sama, ban karanta ba, ba kuma na jin akwai wanda ya taɓa karantawa. Na danna.

Sai bayan la'asar ta gama, sabis na zuwa yana ɗaukewa, muna ta rubuta rasit da hannu. Da ta buɗe na duba kuɗin da ke hannu, daidai. Na duba masu bashi, daidai. Ban duba kayan sito ba. Wayata tana ta ƙara, mai maganin feshi na Roni tasa ta kulle, na Gwiwa ma haka, shago biyar a rana ɗaya. Na ce da Alhaji jibi zan dawo in bi sauran. Wannan jibin ita ce kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa ita. Malam Haladu da fensir zai rubuta duk abin da bai tabbatar ba, ni kuwa na rufe na'ura na hau babur kamar na gama aiki.

Abin da ban sani ba shi ne sabuwar manhajar ba ta yarda da kaya marar farashi. Da ta tarar da layukan nan nawa masu sifiri, sai ta ɗauke su a matsayin kuskure ta gyara mini. Duk abin da ya fara da gero ta haɗe shi layi ɗaya, duk dawa layi ɗaya, ta sa musu farashin kasuwa, ta share sunaye da alamar ɗinki. Hatsin mutum ashirin da wani abu ya wayi gari ya zama na Alhaji.

Da Baba Ɗanjuma yana nan da ba a yi haka ba. Shi ne mai kula da siton tun zamanin mahaifin Alhaji, bai iya karatu ba, amma ko a duhu ya shafa bakin buhu zai gaya maka mai shi. A satin nan yana asibiti a Kazaure an yi masa aikin ido. Alhaji kuma ya tafi Kano washegari. Aka bar Nura, babban ɗansa, magidanci mai hankali wanda ya yi karatun kasuwanci, kuma shi ya fi kowa murna da sabuwar manhajar tunda yana ganin komai a wayarsa. Wani mai saye ya zo da babbar mota ya ba da farashi mai kyau. Nura ya duba waya, ya ga gero da yawa, ya sayar. 'Yan dako suka yi ta lodi daga bakin ƙofa har suka kai lungun ciki. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yallaɓai, waɗannan kamar na ajiya ne." Nura ya sake duba waya, ya ce ba wata ajiya a rubuce, wataƙila masu ita sun sayar wa Alhaji. Ban ga laifinsa ba. Abin da akawun gidansu ya bar masa ya karanta.

Da na dawo na ga lungun nan wayam, sai na buɗe na'ura na tarar babu sunan mai ajiya ko ɗaya. Na kira wakilin. Na yi masa bayani tun daga farko, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Baba, ai gero gero ne. Me ya sa kuka raba shi suna-suna tun farko?" Na ce ya dawo mini da tsohon lissafina in ga sunayen. Ya ce tunda an kwashe, tsohuwar ba ta buɗuwa kuma, amma akwai wani tsari na sama da namu da ke da gurbin kayan amana, in muna so a ƙara kuɗi a mayar da mu can. Na ce sunayen za su dawo? Ya ce a'a, sai dai na gaba. Na yi masa godiya na kashe waya, don ban ga amfanin zagin ɗan aike ba.

An bi sawun motar. Kafin a same ta an sauke kayan a babbar kasuwar hatsi, an farke buhunan an juye an sake aunawa da na wasu. Alhaji ya dawo, bai ɗaga mini murya ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce, "A nemo sunan kowa, a biya kowa." Na tafi Kazaure na zauna a bakin gadon Baba Ɗanjuma, ido ɗaya a naɗe da bandeji, yana lissafo mini daga ka: wane ƙulli biyu, buhu huɗu, wance tsumma shuɗi, buhu ɗaya da rabi. Ina rubutawa a littafin 'yan makaranta. Kwana tara ina yawo a babur ƙauye-ƙauye ina tabbatarwa. Mutum ɗaya ya ƙara buhu a kan nasa, mun sani, muka ƙyale shi. Alhaji ya sayi gero da tsadar bazara ya cike wa kowa, ribar da Nura ya ci ta tafi har da ƙari. Wannan duk kuɗi ne, kuma kuɗi yakan dawo.

Da Baba Ɗanjuma ya zo kan buhu biyu masu jan zare sai ya ce, "Har da su?" Na ce har da su. Ya juya fuskarsa bango.

Malam Buba ya dawo da hadarin farko. Ya tura shanu ruga, ya zo da amalanke da mutum biyu daga cikin waɗanda ya yi wa alkawarin iri. Alhaji ya shigar da shi ciki, ya gaya masa komai bai ɓoye ba, ya ce ga biyar ɗinsa, ga kuma buhu huɗu a madadin biyun, mafi kyawun geron da ke kasuwa. Malam Buba ya sa hannu a ɗaya ya ɗebo, ya murza a tafinsa, ya kai tsaba ɗaya baki ya tauna.

"Gero ne mai kyau, Alhaji. Za a sha fura."

"Ka yi haƙuri, Malam Buba. In akwai abin da zan ƙara, ka faɗa."

"Ba abin da za ka ƙara. Biyu na kawo, biyu zan ɗauka."

Sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaure fuska ba, tambaya kawai ya yi.

"Malam akawu, ba a gabanka na faɗa ba?"

"A gabana ne."

"Ka ce ka rubuta."

"Na rubuta, Malam."

"To nuna mini rubutun."

Na juya masa kwamfutar, ban san dalili ba, tunda ba boko yake karantawa ba. Ya sunkuya ya dubi layin nan guda ɗaya. Ya ce in karanta masa. Na ce an rubuta gero, sai adadi.

"Ba sunana?"

"Babu."

"Ba a ce iri ba ne?"

"Ba a ce ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya sa aka ɗora masa buhu bakwai ya tafi. Mutanen nan biyu suka bi shi a baya. Na ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar nan ba.

Ya nemi irin a wurin 'yan'uwa, ɗan abin da ya samu ya riga ya gauraya da na kasuwa. A wannan daminar ma ruwa bai kai ƙarshe ba. Hanyata ta zuwa Babura tana bi ta kusa da gonarsa, na ga geron ya yi tsawo ya fi mutum, ya fitar da kai, ya tsaya a haka bai cika ido ba. Da kaka ya sayar da bijimi biyu ya sayi abinci. Har yau in mun haɗu a kasuwa yana gaishe ni da mutunci, ya tambayi iyali. Amma bai sake kawo ajiya Babura ba, kuma mutum shida sun bi sahunsa.

Manhajar kuwa muna nan muna biya. Duk shekara sai an ƙara kuɗi, duk bayan 'yan watanni sai an sauya wa maɓallai wuri, abin da ka saba samu a dama ka tarar da shi a hagu, wai an inganta. Shago uku cikin goma sha ɗayan sun ce ba za su iya ba, sun koma littafi. Sauran shagunan kuwa, lissafinsu na shekaru yana hannun kamfani, in ka daina biya a rufe maka ƙofa da kayanka a ciki. Satin da ya wuce ma wani saƙon ya fito, an ba mu wa'adi. Zan danna na yarda, me zan yi? Sai dai yanzu kafin in danna sai na buga komai a takarda, na shiga sito da ƙafata na ƙirga buhu-buhu, ko da layin masu jira ya kai bakin titi. Na gaji, ba na ɓoye muku, gwiwoyina ma sun gaji da babur.

Saboda haka wanda yake son sana'ar nan a cikinku ya zo, ba na rowa. Amma ba da kwamfuta zai fara ba. Akwai littafi mai baƙin bango da na saya bayan abin nan, na ja masa layi da rula, na rubuta Ajiya a sama. Shi zan fara buɗe masa. Layin farko na shafin farko da shuɗin biro yake: Malam Buba, gero, iri, buhu biyu, jan zare. Gurbin da ke gabansa, inda ake sa jan biro in mai kaya ya karɓi kayansa, yana nan fari. Duk wanda zai gaje ni sai ya gaji wannan layin, kuma kada ya kuskura ya cike shi.